Ganga ta Sha Bakwai

Shekara arba'in da huɗu Sogabe-san ya yi yana sauraron boris a masana'antar takardarmu, kuma ba a taɓa samun boris ɗin da ya buga wa hatimin lafiya ya mutu a kan aiki ba. Kowa a garin ya san wannan magana, har da masu sayar da taliya a bakin tasha, waɗanda ko za a yanka su ba za su iya faɗin yadda boris yake ba. Saura wata biyu ya yi ritaya da wannan suna nasa cif, sai ni, Tamai, mai digiri biyu, na ga ya dace in taimaka masa.

Injin lamba uku ya fi jirgin ƙasa mai tarago biyar tsawo. Takarda tana shiga jiƙe ta wannan kai, ta bi ta kan ganguna arba'in da takwas na ƙarfe, kowace cike da tururi, ta fito ta can a bushe. Kowace ganga tana juyawa a kan boris biyu, kowannensu ya kai faɗin tayar mota. Idan ɗaya ya ci, wato ya lalace ya maƙale, injin gaba ɗaya ya tsaya. Idan kuma ranar ta zo da tsiya, ƙurar takarda ta kama da wuta.

Kayan aikin Sogabe-san sanda ce ta ƙarfe, siririya, da ɗan dunƙule a kanta. Kowace safiya, da an gama motsa jiki an yi taron safe, sai ya bi gangunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora bakin sandar a kan gidan boris, ya manna dunƙulen a kunne, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Sannan ya zaro hatiminsa daga aljihun gaba ya buga ja a katin da ke rataye a wurin. Ni kuma an ɗauko ni ne shekara goma sha ɗaya kafin wannan lokaci, in liƙa wa kowane boris 'yar na'ura mai jin jijjiga, wadda ba ta wuce murfin kwalba ba, in ja wayoyinsu zuwa wani ɗaki mai sanyi, in zauna ina kallon kwamfuta. Sogabe-san ya sa wa na'urorin suna kaska. Ni kuma ya sa mini Dokta, duk da ya san ban kai can ba. Saboda ya san ban kai ba ɗin ne ma ya sa.

Aikin nawa ba sihiri ba ne. Boris zobe biyu ne, na ciki da na waje, da 'ya'yan ƙarfe suna birgima a tsakaninsu. Idan zobe ya tsage, duk ɗan da ya bi ta kan tsagar sai ya yi ɗan bugu. Ka ƙirga bugun sau nawa ne a daƙiƙa, ka san girman zoben da yawan 'ya'yan, lissafi zai gaya maka ko na ciki ne ko na waje. Kwamfuta tana zana maka wannan a matsayin tsini a kan layi. A can sama kuma akwai jan layi. Idan tsinin ya taɓa shi, sai ƙararrawa ta kaɗa a ofishin manaja. Wanda ke ajiye jan layin a inda yake, ni ne.

A cikin shekarun nan goma sha ɗaya, ni da shi ba mu taɓa saɓawa ba. Abin da kaskata suka gani, sandarsa ta riga ta ji, ko ta ji a makon. Wannan ya sa kamfani ya riƙa biyan mutum biyu su faɗi magana ɗaya, kuma ya ɗauki hakan ci gaba ne. Takardar rahoton wata tana da gurbi uku: nasa hatimin a farko, nawa a tsakiya, na Manabe-san manajanmu a ƙarshe. Wanda ke ƙasa ba ya ƙaryata na sama da shi. Ba doka ba ce. Da doka ce da an samu mai karya ta.

Abin da kowa ya sani kuma ba wanda ya faɗa shi ne, kunnen ya fara tafiya. A gefen injin ba a ganewa, domin a can kowa ihu yake yi wa kowa. A tsakar fili ake gani, idan motar ɗaukar kaya tana ja da baya tana tsuwa, kowa ya kauce, shi kuwa yana tafe abinsa, sai direban ya tsaya ya yi kamar dama can yana son ya gyara hularsa. Sauti mai kauri yana jinsa sarai. Siririn ne ya ɓace masa, kuma ciwon boris da siriri yake farawa.

Akwai wani Doi, mai zuba giris, ƙato mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda kullum yake gaban Sogabe-san da ganga biyu ko uku. Na sha jin su idan na fito duba waya.

"Maigida! Ɗan saurara mini na tara ɗin nan. Ni kunnena na kifi ne, ban gane komai ba."

"Kifi ya fi ka amfani, shi ana cinsa. Matsa."

Sai ya ɗora sanda, ya daɗe, ya ɗago. "Wannan ya fara tari. A sa shi cikin na canji."

"Kai! Ni da na yi minti goma a nan ban ji komai ba!"

"Minti goma kana tunanin abincin rana."

"Yau soyayyen kifi ne, Maigida, dole mutum ya yi tunani."

Ni kuwa sai in wuce ina murmushi a raina, ina cewa dubi fadanci a fili. Na yi karatu, na san mutane.

Ran tara ga Fabrairu na ga tsinin. Ganga ta sha bakwai, boris na gefen da tururi ke shiga. Ɗan siriri ne, sau talatin da tara a daƙiƙa, da ƙananan tsinaye biyu a gefe da gefe suna yi masa rakiya. Na yi lissafin sau uku, ina fatan in yi kuskure, abin da ban saba fata ba. Zoben ciki ne. Na sauka na je wurin. Katin yana lilo a iska mai zafi, da jan hatimin Sogabe-san na safiyar ranar, ko bushewa bai gama yi ba.

Akwai fom na musamman da mutum zai cika idan ra'ayinsa ya saɓa wa hatimin da ke gabansa. Na je wurin matar da ke kula da takardun ofis na tambaye ta. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wane fom?"

Na sake faɗa, a hankali.

Ta yi kusan rabin sa'a tana buɗe durowa. Da ta samo shi, ya yi ruwan ƙasa, da tafireta aka buga shi, da sunan kamfanin na da, kafin a haɗe mu da wani. Ta miƙo mini da hannu biyu. "Tamai-san, wani ne ya mutu?"

"A'a, tsarin ajiya nake dubawa."

Na kai shi ɗakina na shimfiɗa a kan tebur. Layi na uku yana cewa a rubuta dalilin da ya sa mai hatimin farko bai gano matsalar ba. Wato in rubuta da hannuna cewa Sogabe Isamu ya kurmance, in buga hatimi, takardar ta bi ofis huɗu, ta isa hedikwata a Tokyo mako biyar kafin su aiko da wanda zai miƙa masa lambar yabo. Na sa fom ɗin a durowa. Har yanzu yana nan, in wani yana bukata.

A makon ne Manabe-san ya tare ni a matakala. Mutum ne mai fara'a da yawa, irin wanda ke dariya tun kafin ya faɗi abin dariyar. Ya nuna mini zanen allon tagulla da aka ba da a sassaƙa: shekara arba'in da huɗu, ko boris ɗaya. An kama zauren otal, an zaɓi kifin da za a ci, an ma shirya Sogabe-san zai riƙa zuwa sau biyu a mako bayan ritaya yana koya wa sababbi riƙon sanda.

"Tamai-kun, lallaɓa mana injin nan zuwa ƙarshen Maris," ya ce, yana dukan kafaɗata. "Kada ka gano mana komai, ka ji? Haha!"

Wasa yake yi. Ni ma na yi dariya, har ta ɗan fi tasa tsawo.

Sai na koma ga abin da na iya, wato lissafi. Na ɗauki yadda tsinin ke girma kowace rana, na ja layi zuwa gaba. Layin ya ce boris ɗin zai kai tsakiyar Mayu. Sogabe-san zai tafi ran talatin da ɗaya ga Maris. Ran shida ga Afrilu za a tsayar da injin don babban gyaran shekara. Na sa na sha bakwai a jerin waɗanda za a canza a lokacin, na rubuta dalili: tsufa. Za a ciro shi, a jefa a kwandon ƙarfe, ba wanda zai juya zoben ya duba. Abu ɗaya ne ya rage, tsinin zai taɓa jan layi wajen farkon Maris. Na ɗaga jan layin sama kaɗan. Danna maɓalli uku ne. Na tashi na sha shayi, ina jin kaina mutumin kirki ƙwarai, irin wanda ba a cika samu ba a zamanin nan.

Ran ashirin da shida ga Fabrairu, bayan abincin rana, aka ƙwanƙwasa ƙofata. Sogabe-san ne. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa taka ɗakin ba, ya ce sanyinsa na masu ajiye gawa ne. Yana riƙe da gwangwanin kofi biyu masu zafi daga injin sayarwa na bakin kantin cin abinci, sandarsa a hammata. Na yi sauri na sauya abin da ke kan kwamfutar zuwa ganga ta huɗu, wadda lafiyarta ta fi tawa.

"Dokta, ashe nan kake ɓuya."

"Shigo, Sogabe-san. Ga kujera."

Bai zauna ba. Ya ajiye mini gwangwani ɗaya, ya tsaya yana kallon layukan kamar mai kallon rubutun wata ƙasa.

"Wannan tsutsar ce ake biyanka ka yi kiwo?"

"Ita ce. Ba ta cin abinci da yawa."

Bai ji ba, ko bai ga abin dariya ba. Ya buɗe kofinsa, ya kurɓa, ya yi maganar sanyi, ya yi maganar lemon gonarsa da tsuntsaye suka addaba. Sai da ya kusa shanyewa sannan ya ce, yana kallon bango:

"Kaskan nan naka. Me suke cewa a kan na sha bakwai?"

Na ji gumi a bayana, a ɗakin da ake ajiye gawa. Na ce a raina gwada ni yake yi. Ko kuwa wani ya tsegunta masa, ya zo ya ji ko yaron jami'a zai buɗe baki ya ce masa kurma. Na miƙe tsaye, na ɗan rusuna, na ɗaga murya yadda zai ji da kyau.

"Abin da kunnenka ya ce, shi suke cewa, Sogabe-san."

Ya juyo ya dube ni. Ya daɗe.

"Haka suka ce?"

"Haka suka ce."

"To. Madalla." Ya gyara sandar a hammata. "Sha kofinka kada ya huce."

Da ya fita na yaba wa kaina. Amsar ta yi kyau, babu ƙarya a cikinta tsantsa, akwai ladabi, akwai girmama na gaba. Da ana ba da digiri a kan irinta da na samu na uku.

Abin da ban sa a lissafina ba kowa ya san shi, har da mai shara. Duk wata ana tsayar da injin na sa'a shida a wanke shi. A rufe tururi, gangunan su huce, sannan a sake buɗewa. Wuyan ganga yana yin zafi da sauri ya kumbura, zoben da ke kansa yana nan da sanyinsa, sai ya matse shi ta ciki. Lafiyayyen zobe yana jurewa. Mai tsaga kuwa, tsagar gudu take yi. Layin da na ja miƙaƙƙe ne, domin na zana shi ne a makonnin da ba a tsayar da komai ba. An yi wankin Maris ran sha tara. Washegari tsinin ya ninka. Kwana biyu bayan haka ya fara dushewa, ƙasan layin gaba ɗaya ya tashi ya yi buzu-buzu kamar ciyawa. Tun a shekara ta biyu a jami'a aka koya mini ma'anar wannan: tsagar ta daina zama tsaga, zoben ne ke marmashewa. Na kalli ciyawar na ce wa kaina wataƙila giris ɗin da Doi ya ƙara ne ya kwantar da abin. Saura kwana tara. Na ɗaga jan layin karo na biyu.

Ran ashirin da huɗu, ƙarfe goma da minti arba'in na safe, na sha bakwai ya ci. Ƙarar da ya yi, Sogabe-san ma ya ji ta. Ina ɗakina na ji ta a ƙafafun kujera kafin ƙararrawar ta tuna da aikinta. Da na isa, hayaƙi ya cika rumfar gangunan, takarda ta tsinke tana tulowa ƙasa, Doi yana fesa ruwa yana zagin wutar da uwarta. An kashe ta cikin minti goma sha biyu. Doi ya ƙone a hannun hagu, girarsa ta tafi. Wuyan gangar ya narke ya haɗe da zoben, sai da aka kawo masu gyara daga Osaka. Kwana tara injin yana tsaye.

Katin bai ƙone ba. Yana nan rataye, ya yi baƙi a gefe, da jan hatimi na safiyar ranar.

A taron safe na washegari, bayan an gama motsa jiki, Sogabe-san ya fito gaban mutum ɗari da sittin. Ba wanda ya kira shi. Ya cire hula. Ya ce shi ya saurari boris ɗin, shi ya buga hatimi, shi ya jawo wa kamfani asara, ya jawo wa Doi-kun rauni, ya jawo wa kowa wahala. Sannan ya sunkuya har ƙasa-ƙasa ya tsaya a haka. Na ƙirga, domin ƙirga ce sana'ata. Daƙiƙa ashirin da biyu. Ina layi na biyu, ana ganin tsakiyar kansa inda gashi ya ƙare. Ba abin da ya riƙe mini ƙafa. Taku huɗu ne tsakanina da inda yake.

Da rana Manabe-san ya kira ni ofis, yau babu haha.

"Tamai-kun, na'urorinka ba su ga komai ba?"

"Bai kai jan layi ba, Manabe-san."

Wannan ma gaskiya ce. Na lura gaskiya tana da sauƙin samu idan kai ne ke ajiye layin.

Kwamitin bincike ya zauna sau uku. Ya gano cewa zamanin dogaro da kunnen ɗan Adam ya wuce, kuma na'urorin da ake da su sun yi kaɗan. Aka soke zuwan Sogabe-san koyarwa. Aka soke otal, bisa roƙonsa. Allon tagullar ya iso ran ashirin da takwas, an sassaƙa shi tsaf, Manabe-san ya tura shi bayan kabad yana fuskantar bango. Ran talatin da ɗaya Sogabe-san ya zo da sassafe ya ajiye ɗan kwalin alewar wake a kan teburin kowa, kamar yadda mai barin aiki ke yi, har da nawa, ya tafi kafin a buɗe kanti. A watan Yuni aka sayo sababbin kaska ɗari biyu, aka buɗe sashe na musamman, aka naɗa ni shugabansa. Hatimina ya koma gurbin farko.

Doi ya daina yi mini magana in ba ta aiki ba. Sai a Disamba, muna wanke hannu, ya ce ba tare da ya kalle ni ba:

"Maigida yana tsinkar lemo. Ba shi da masu taya shi. Hannunka ai ba ya yin komai ran Lahadi, Shugaba."

Gonar tana kan tudu, hawa-hawa, tana kallon teku. Daga can ana hango bututun hayaƙinmu. Matarsa Sumiko-san ta karɓe ni da fara'ar da ta sa na gane bai gaya mata komai game da ni ba, ko kuma ya gaya mata duka. Ta ba ni almakashi da safar hannu ta nuna mini sama. Na same shi a hawa na biyar, da kwando a wuya, da 'yar na'urar ji mai launin fata a bayan kunne. Sandar tana nan kusa, an kafa ta a ƙasa an tokare wani reshe da 'ya'ya suka yi wa nauyi.

"Dokta! An ce ka zama babba."

"Haka aka ce."

"Yanka sau biyu. Na farko nesa, na biyu dab da kai, in ba haka ba tsinken ya huda na kusa da shi a kwando. Ka iya, ko sai an zana maka a kwamfuta?"

Muka yi kusan sa'a guda muna tsinka. Ya nuna kunnensa ya ce yanzu har da shi an liƙa wa kaska, kuma abin da ya fara ji da ita shi ne muryar matarsa, ya gane shekara uku yana cikin hutu bai sani ba. Na yi dariya. Sannan na ajiye almakashin na gaya masa. Na faɗi tsinin, na faɗi fom ɗin, na faɗi jan layin, sau biyun duka. Na shirya maganar tun a mota, ta fito a jere kamar rahoto.

Bai daina tsinka ba.

"Yaushe ka fara gani?"

"Tara ga Fabrairu."

"Wato ranar da na kawo maka kofi..."

"Kwana goma sha bakwai ke nan ina kallonsa."

Ya jefa lemo a kwando. "Na sani. Ba ranar ba, daga baya. Mutum ba ya amsa tambaya da ƙarfi haka sai yana ɓoye abu."

"Na ɗauka gwada ni kake yi."

"In gwada ka in samu me? Kai Dokta, kai!" Ya juyo. "Mako guda ina ɗora sanda a kan na sha bakwai ina jin wani abu a haƙorina. Ba a kunne ba, a nan, a muƙamuƙi. Na tura Doi ya saurara, ya ce bai ji komai ba. Ni kuma ba na cewa a tsayar da inji a kan haƙori. Na ce bari in je wurin mai kaska."

"Da na faɗa, dole in cika fom. Layi na uku..."

"Wane fom? Wa ya aike ka wurin fom?" Ya yi tsaki. "Shekara uku ke nan kunnena ya tafi. Kana tsammani wa ke jin boris ɗin nan? Doi ne. Ya riga ni, ya ji, ya ce Maigida ɗan saurara mini, ni kunnena na kifi ne. In ɗora sanda, in ce a canza, in buga hatimi. Ya san na sani, na san ya sani. Haka na yi wa maigidana shekara biyu kafin ya tafi, shi ma haka ya yi wa nasa. Kai kaɗai ne a masana'antar nan ba ka san wannan ba, domin a ɗakin gawa kake cin abincinka."

Ya yanke wani lemon, sannan ya ci gaba.

"Cewa kawai za ka yi, Sogabe-san, kaskan nan nawa sun rikice a kan na sha bakwai, ɗan saurara mini. Shi ke nan. In sauka, in lumshe ido, in ce zoben ciki ne, a tsayar. A ce tsohon ya kama na ƙarshe saura wata guda ya tafi. Da shi za a riƙa ba da labari." Ya ɗaga lemo ya duba ƙasansa. "Har ɗakinka na zo. Da kofi."

Ƙasa da mu Sumiko-san tana kiran a sauko a ci abinci. Jirgin ruwa mai ɗauke da itacen takarda yana shiga tashar, a hankali. Na gyara tsayuwa a kan gangaren, na haɗa ƙafa, na fara abin da ya kawo ni.

"Sogabe-san, abin da na yi maka ba shi da..."

Ya kai hannu bayan kunne ya murɗa 'yar na'urar ya kashe ta. Na ga yatsan, na ji ɗan ƙas ɗin da ta yi. Ya juya ga bishiyarsa ya ci gaba, yanka na nesa, yanka na kusa.

Na ƙarasa duk da haka. Ban haƙuri ne mai kyau, na yi wata takwas ina gyara shi. Na sunkuya a ƙarshe, na daɗe, ina kallon takalmina da busasshen ganye. Da na ɗago ya riga ya koma bishiya ta gaba.

Da zan tafi Sumiko-san ta cika mini jaka biyu da lemon da ba za a kai kasuwa ba, masu tabo a fata, ta ce sun fi zaƙi. Na kai su ofis ran Litinin na ajiye a kanti, kowa ya ɗiba. Kamfani har yau bai san an taɓa jan layin ba. Na mayar da shi inda yake tun a watan Afrilu, kuma a ƙa'idojin sabon sashe na rubuta cewa ba mai ɗaga shi sai da hatimin mutum biyu. Hedikwata ta yaba da wannan tsari, ta ce a yi koyi da shi a sauran masana'antu.